Shin a Kai Akawal Iyo a Ajiwa?

Ɗana, ka tambaye ni ko mu kai akawal, baƙin dokin nan mai ɗingishi, dam ɗin Ajiwa ya riƙa iyo, tunda ka gani a waya yadda ake zura dawakin sukuwa cikin kwarmin ruwa na siminti, aka ce maka haka ke warkar da jijiya. Abin da ka gani gaskiya ne, manyan bargogi a Ingila da Dubai na da irin wannan wuri. Amma akawal ba zai yi iyo yanzu ba. Ka saurari dalili da kyau, don wata rana kai za a tambaya.

Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, shi ya sa ciwon jijiya ya fi kama su, musamman dokin folo da ake tsayarwa cak a juya shi yana tsakiyar gudu. Da ya shiga ruwan da ya fi ƙarfin tsayinsa, wannan nauyi ya tashi daga kofato, ga shi zuciya da huhu da tsoka suna aiki tuƙuru. Iyakar amfanin iyo ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Ba a koya wa doki iyo, da shi Allah Ya halicce shi.

Sai dai aikin ya fi yadda ido ke gani wuya. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai, kuma ruwa yana matse masa haƙarƙari ta ko'ina. In ka tsaya kusa za ka ji: ya ja iska da sauri, ya riƙe, sannan ya feso ta da ƙara, hancin a buɗe har kana hango jan ciki. Saboda haka da mintoci ake ƙirga iyon doki, kuma ranar farko ko minti ɗaya ya isa. Wanda aka matsa wa yakan fito jini na bin hancinsa. Ka dubi kuma yadda jikinsa ke zama a ruwa: kai a ɗage, gadon baya a lotse, ƙafafun baya na harbi da ƙarfi fiye da yadda suke yi a tudu. Dokin da ke fama da ciwon baya ko kwankwaso ko gwiwar baya, iyo ƙara masa yake yi.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Ƙashi da jijiya ba sa ƙarfi sai suna ɗaukar nauyi a kan ƙasa, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Dokin da ya yi wata biyu yana iyo zai fito ƙirji a cike, gashi na sheƙi, yana haniniya yana tonon turke, mai shi ya gan shi ya ce ai ya warke, a ɗaura masa sirdi ranar hawan Sallah. Numfashinsa na dokin da ya shirya ne, amma jijiyar tana nan ɗanya, kamar sabon ginin ƙasa da aka yi wa yaɓe tun cikinsa bai bushe ba. Zamiya ɗaya a ƙofar fada ta isa ta mayar da aikin baya, kuma jijiyar da ta sake tsagewa ta fi ta farko wuyar magani. Ciwon jijiya watanni yake ci, wani har shekara. Wannan gaggawa ta nakasa dawakin kirki da yawa, abin yana ci mini rai.

Ruwan da akawal ke buƙata yanzu shi ne mai sanyi, yana tsaye. Ka riƙa kwarara masa a kan kumburin minti 15 zuwa 20, safe da yamma. Kafin ka zuba, ka shafa bayan ƙwaurin da hannunka daga gwiwa zuwa ƙasa, ka shafa ɗaya ƙafar ka gwada. Lafiyayyar jijiya tana nan a miƙe, siririya, da sanyi. Mai ciwo ta yi taushi, ta yi ɗumi, in ka matsa sai ya janye ƙafa. In zafin ya sauka, likitan dabbobi ya duba ya yarda, sai jan ragama a fili mai tauri marar gargada. Bayan nan ne tafiya cikin ruwa za ta shigo. Ruwa iya gwiwa yana sa shi ɗaga ƙafa sosai, gaɓoɓi su saki. Iya ƙirji kuma yana rage masa nauyi alhali kofato na taɓa ƙasa. Ga mai jinya wannan ya fi iyo nesa ba kusa ba.

To, sai maganar ƙasan ruwan. Nasu na siminti ne, namu sai an bincika. Kai za ka fara shiga da sanda, ka taka ko'ina. Yashi mai tauri kake nema. Taɓo yakan riƙe kofato, dokin ya fizga, jijiyar da ake lallaɓawa ta sake ballewa. Kududdufan cikin gari ka manta da su, fasassun kwalabe da ƙarafa ne a ƙasa. Ruwan da ba ya gudu yana da matsattsaku masu shiga hancin doki in ya sha, kai kuma yana iya sa maka tsargiya. Da damina kada magariba ta same ku a bakin ruwa, lokacin ne ƙananan ƙwari masu ɗauke da cutar dawaki ke fitowa. Doki mai buɗaɗɗen rauni, ko tari, ko zazzaɓi, ba ya shiga ko kaɗan.

Wanda iyo ya dace da shi shi ne lafiyayyen doki da bazara, lokacin da zafin Katsina ke wuce 40, ƙasa ta yi tauri, ana son a riƙe masa numfashi ba tare da an dake ƙafa kullum ba. Garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa folo, Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa, ba ya rasa irin waɗannan dawaki. Su ma iyon ƙari ne a kan kilisa, ba ya maye gurbinta.

Ranar da za mu kai irinsu, ba sirdi, ba linzami, ragama kawai da doguwar igiya, kuma mutum biyu. Kada ka naɗa igiyar a hannu. Kada ka tsaya gabansa, ƙafafun gaba sara suke yi a cikin ruwa. Ka kasance daidai kafaɗarsa. Kada ka ja kansa ƙasa ko gefe da ƙarfi, don in ruwa ya rufe hanci ko ya shiga kunne sai ya firgice. Ba a kai shi da cikakken ciki. Da hunturu a bari sai hantsi ya dubi ludayi.

In ya fito, ka wanke shi da ruwa mai tsabta, ka goge lungun bayan kofato ya bushe don kada ya tsage, ka sassaƙe laka daga cikin kofaton, ka zaga da shi har numfashinsa ya kwanta kafin harawa. Sannan ka sa masa ido har yamma. Wasu dawakin kan yi ciwon ciki bayan iyo: in ka ga yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana neman kwanciya ya yi birgima, ka ɗauke abincin daga gabansa, ka kira ni, ka kira likita.