Na ɓatar da makullin ceton asusuna na Apple, akwai mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An sace mini iPhone a tashar mota. Na sayi wata, na zo shiga asusuna na Apple, sai kalmar sirri ta kwanta mini. Da na nemi canjawa, sai aka ce in kawo makullin ceto mai haruffa da lambobi 28. Yaron da ya saita mini wayar ne ya kunna shi, ya rubuta mini a takarda, na nemi takardar sama da ƙasa na rasa. Hotunan 'ya'yana tun suna jarirai duk suna ciki. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Ba zan ɓoye miki ba, lamarin yana da nauyi, amma da sauran wuraren dubawa kafin a fitar da rai.

Ga yadda abin yake. Wanda bai kunna wannan makulli ba, idan ya rasa komai, yakan shigar da buƙata a iforgot.apple.com, ya jira wasu kwanaki, a tantance shi, a mayar masa da asusunsa. Tun 2020 da Apple ya kawo makullin cikin iOS 14, wato manhajar da ke tafiyar da iPhone, duk wanda ya kunna shi ya toshe waccan hanya da hannunsa. Ma'aikatan kamfanin ba su da kwafinsa, kuma ba za su ba ki wani ba ko da kin kai musu rasit da katin shaida. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an kunna wa mutum shi a shago ba tare da an zaunar da shi an yi masa bayani ba.

Fara da layinki. Ki je ofishin kamfanin layin da lambar NIN ɗinki, a toshe wanda aka sace, a ba ki sabon sim mai lambarki ta da. Yau za ki yi wannan, don kuɗinki na banki ma a kan layin suke. Kuma ko an ga takardar, sai an turo lambobi 6 zuwa wannan layi kafin makullin ya yi aiki.

Idan layi ya dawo hannunki kuma kika tuna kalmar sirrin, kin gama: kalmar da lambobin da za a turo sun isa ki shiga, ba a tambayar makulli. Saboda haka ki natsu ki tuna. Duba ko kin taɓa ajiye ta a Chrome ko a wata kwamfuta, ki tambayi yaron ko shi ya ƙirƙira miki. Sai dai kada ki yi ta canki-canka, gwaji ya yi yawa sai a kulle asusun, wahala ta ƙaru.

Hanyar da ta fi kowace sauƙi kuwa ita ce wata na'urar Apple da har yanzu asusunki ke buɗe a cikinta. Ko iPad ɗin da yara ke kallo da shi, ko tsohuwar iPhone da ke kwance a durowa, ko wadda kika ba ƙanwarki ba a goge ba. A cikinta za ki canja kalmar sirri ta hanyar shigar da lambar buɗe na'urar kawai, sannan ki ƙirƙiri sabon makulli. Idan kuma kin taɓa naɗa wani ɗan'uwa a matsayin mai taimakon dawo da asusu, tsarin da ya zo a 2021, ki neme shi, wayarsa za ta fitar da lambar da za ki shigar.

Ita ma takardar a ci gaba da nema: kwalin wayar, jakar takardun asibiti, saƙonnin da kike tura wa kanki a WhatsApp ko imel.

Akwai abu ɗaya da nake tsoro. Idan ɓarawon ya ga lambar buɗe wayarki kafin ya ɗauke ta, zai iya canja kalmar sirri ya fitar da sabon makulli, na takardarki ya tashi daga aiki. Jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta fallasa irin wannan sata a 2023, daga baya Apple ya fito da kariyar wayar da aka sace cikin iOS 17.3 a Janairun 2024. Ki kunna ta a sabuwar wayarki.

In duk waɗannan ba su yi ba, asusun ya tafi, sai buɗe sabo. Kada ki ba kowa ko sisi don ya ce zai fasa miki shi. Masu tallar haka a Facebook da Telegram kuɗi da bayananki suke so. Haka saƙon da zai shigo cewa an gano wayarki ki taɓa nan, tarko ne na ɓarayin. Hotuna kuwa ki bi dangi da ƙawaye, za ki yi mamakin yawan waɗanda kika taɓa tura musu.

Tambaya: Malam, ni wayata tana hannuna, ina shiga komai lafiya, takardar makullin ce kawai ta ɓata. In damu? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ka damu na minti biyar, ka gyara. Shiga saiti, taɓa sunanka da ke can sama, ka shiga sashen shiga da tsaro, ka nemi wurin makullin ceto, ka ƙirƙiri sabo. Da ya fito tsohon ya mutu, ko wani ya tsinci takardar ba ta da amfani gare shi. Idan kariyar sata tana kunne kuma ba ka gida ko shago, za a iya sa ka jira awa ɗaya.

Ka rubuta sabon da biro a takardu biyu, ɗaya cikin takardun gida ko na fili, ɗaya wurin wanda ka amince da shi. Ban da ɗaukar hotonsa ka bari a wayar, wannan kamar kulle ɗaki ne makulli na ciki.

A ganina ma yawancin mutane ba sa buƙatarsa. In ba ka da sirrin kasuwanci da kake tsoron a bi ta bayan fage a ƙwace, kuma ka san ajiyar takarda ba halinka ba ce, ka kashe shi, ka naɗa masu taimako daga iyalinka. Ana iya sa har mutum 5, matuƙar suna da na'urar Apple, kuma ba sa ganin komai na cikin asusunka.

Tambaya: Kwamfutata ta tashi da shuɗin allo tana neman makullin BitLocker. Ban taɓa ganinsa ba. Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, naka ya fi sauƙi. BitLocker tsarin Windows ne da ke kulle bayanan da ke faifan kwamfuta. Makullinsa lambobi 48 ne, kuma galibi Windows kan ajiye su da kansa a asusun Microsoft da aka fara saita kwamfutar da shi. Ɗauki waya ka buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey, ka shiga, ka zaɓi makullin da lambar shaidarsa ta dace da wadda ke kan allon. Idan ba ka gan shi ba, gwada asusun makaranta ko na wanda ya saita maka ita. In kuwa ta hannu ce ka saya da asusun mai ita na farko, makullin yana wurinsa. In ba a same shi ba, sai an goge faifan an ɗora sabon Windows, abin da ke ciki kuma ba zai dawo ba.