An ba ki riƙon ɗaki, kuma sun girme ki

Ƙanwata, na ga saƙonki. An ba ki riƙon ɗakin majinyata mata a Jidda, akwai nas-nas da suka riga ki shiga aikin da shekara goma, kina tambaya yadda za a yi su ji maganarki.

Bar batun kiran taro tukuna, ki fara da jadawalin aiki. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage wa ma'aikata Musulmi aiki zuwa awa 6 a rana cikin Ramadan. To wa ke cike giɓin? 'Yan Filifin da 'yan jihar Kerala ta Indiya, da yawansu Kiristoci. Suna lissafi, ko ba su ce uffan ba. Disamba ta zo, kika jibga musu aikin dare ranar Kirsimeti, za su ce "to, Sista", amma kin rasa su ke nan. Ni tun Rajab nake zama da su, kowa ta faɗi ranakun da take so a madadin wahalar azumi, in manna takardar a bango. Sunana ma yana cikin masu kwana, kuma ba na canja shi.

Miƙa aiki kuwa a bakin gado ake yi, ba a kujerar ofis ba. Wata tsohuwa 'yar Kano ta zo Umra ta kwanta mana, ba Larabci ba Turanci. Duk wadda ta yi mata magana sai ta ɗaga kai ta yi murmushi, aka rubuta ba ta jin ciwo. Kin san halin tsofaffinmu, ana mutuwa ana "lafiya lau". Na durƙusa na ce, "Hajiya, ina ne ke damunki?" Sai ta dafe ƙirji. A take aka kira likita, aka auna bugun zuciya.

Abin da na yi nadama shi ne faɗa. Ina sabuwa a riƙo, wata yarinya cikin nas-nas ta ba da magani a makare, na zazzage ta gaban dangin majinyaciya. Daga ranar rahoton kuskure ya ɗauke ɗif, na ɗauka gyara na yi, ashe ɓoye mini suke. Yanzu majinyaciya nake fara dubawa, a sanar da likita, sannan in ja mai kuskuren ɗakin magani, in rufe ƙofa, in ce, "Gado nawa ke hannunki jiya?" Sau da yawa amsar kan nuna laifin jadawalina ne.

Babbar cikin nas-nas ɗin kuma, ki kai mata jadawalin wata mai zuwa ta duba kafin ki manna.