Ina Rubuta Waƙa, Amma Ban Iya Zane Ba

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce a Damagaram. Idan damuwa ta hana ni barci nakan rubuta waƙoƙi. Ina son in ƙawata su da zane, sai dai hannuna bai iya ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwata, kada ki fara da fuskar mutum, a nan masu koyo ke karaya. Ki zaga unguwar Birni da yamma, ki duba zanen da magina suka yi a bangon tsofaffin gidaje: dagi, da'ira, layuka masu sarƙewa. Maimaita siffa ɗaya ne kawai, kuma maimaitawar ce ke kwantar da rai, domin hannu na aiki, tunani na hutawa.

Ni da tawadar allo nake yi, ta gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Tana da arha, kuma ba ta yarda da gaggawa, dole ki riƙa tsomawa. Nakan rubuta baiti ɗaya a tsakiyar takarda, in kewaye shi da zayyana irin ta allon sauka. Baiti ɗaya ya isa a dare guda.

Amma idan rashin barcin ya daɗe, don Allah ki ga likita, ki kuma faɗa wa Inna.