Tsohuwar Colt Python ta gado: nawa zan sa mata kuɗi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas. Surukina ya rasu ya bar wa matata wata fistol mai gidan harsashi mai juyawa, Colt Python, har da kwalinta. Na kai wani shagon bindigogi sun taya dala 1,200, ni kuma na gani a intanet ana sa irinta dala 4,000. Ina so in sayar da kaina, nawa zan ce? Kuma in kai a goge ta a sake mata fenti tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mamaci. Kafin komai, don Allah kar ka bari kowa ya taɓa jikinta da sunan gyara. Wannan shuɗin mai sheƙi da Colt ke kira Royal Blue shi ne rabin kuɗin, masu tara tsofaffin bindigogi sun fi son ta da ɗan ƙoƙewarta na asali a kan wadda aka sake wa launi tana walƙiya, da zarar sun gane an sake shikenan sai su kalle ta kamar kowace bindiga. Ɗan mai da tsumma mai laushi ya isa.

Sai ka gano shekararta. An fara ƙera Python a 1955, aka daina a 2005, sannan a 2020 Colt suka dawo da sabuwa a kan dala 1,499. In taka cikin sababbin ce to ba kayan tarihi ba ce, kuma tayin mai shago bai yi muni ba. Ka buɗe gidan harsashin za ka ga lamba a jikin ƙarfen, ka sa a shafin Colt zai ba ka shekara. Na farko-farko, kafin 1969, lambarsu ba harafi, su aka fi nema. Tsawon bututu ma da magana, mai inci 4 da 6 sun fi yawa a kasuwa, mai inci 3 kuwa a cikin tsofaffin da wuya ake samu, kuɗinta daban ne.

Batun dala 4,000 da ka gani, ai kuɗin da mai kaya ya faɗa ne, ba wanda aka sallama ba, wasu tallan sai su yi wata da watanni ba ko mai tayawa. Ka shiga GunBroker, shafin gwanjon bindigogi na intanet, ka duba gwanjon da aka riga aka kammala, ka nemo biyar ko shida masu shekara da tsawo da lafiya irin taka, ka ga inda suka tsaya. Ka haɗa da littafin Blue Book of Gun Values da sakamakon gwanjon kamfanin Rock Island mai gwanjon bindigogi. Nan gaskiyar farashin take. Sai ka ɗora kaɗan a kai saboda dole a taya ƙasa. Shi mai shago ba cutarka ya yi niyya ba, riba zai nema a kai, kai ma in kai ne haka za ka yi.

Kwalin nan kuwa ka riƙe shi da kyau, in lambar da ke kan takardarsa ta yi daidai da ta bindigar yana ƙara kuɗi sosai, haka ma mariƙin katako na asali mai tambarin doki. Sannan ka biya wani maƙerin bindiga ya duba ko gidan harsashin yana tsayawa daidai saitin bututu in an ɗana, domin Python ta yi suna wajen kaucewa in ta sha aiki, kuma masu iya gyaran tsofaffin sun yi ƙaranci. In da matsala ka faɗa wa mai saye tun farko ka rage masa.

Doka kuma, a Texas za ka iya sayar wa mazaunin jihar hannu da hannu matuƙar ba ka da dalilin zaton an haramta masa riƙe bindiga, amma in daga wata jiha yake dole ta bi ta hannun dillali mai lasisin FFL, wato lasisin gwamnatin tarayya na cinikin bindigogi. Ni da nake ba da shawara ko ɗan unguwarku ne ku haɗu a shagon mai lasisi a bincika shi, 'yan daloli ne kawai. Kuma tunda gado ce ka tabbatar an gama rabo ta zama ta matarka, ita ce za ta ce an sallama.