Shin ganyen ƙasar Sin da ake yaɗawa a waya yana maganin sankarar mama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An gano Hajiyarmu tana da sankarar mama, har an sa mata ranar fara allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa na asibiti. Sai aka turo mana bidiyo a WhatsApp cewa wani ganyen ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargade, yana kashe kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin kansa a awa 16. Mu dakatar da allurar mu gwada shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Don Allah kada ku ɗaga ranar nan.

Ganyen da ake magana shi ne Artemisia annua, Sinawa na ce masa qinghao. Daga jikinsa masaniyar haɗa magunguna 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar da sinadarin artemisinin a 1972, aikin da ya jawo mata kyautar Nobel a 2015. Shi ne tushen artemether da artesunate da muke ba masu zazzaɓin cizon sauro kullum.

Maganar kansa kuma tana da asali. Sinadarin yana da wata gaɓa mai ƙwayoyin oksijin biyu, wadda da zarar ta haɗu da sinadarin ƙarfe sai ta ɓalle ta saki guba a cikin ƙwayar halitta. Ƙwayoyin kansa, saboda saurin hayayyafa, sun fi lafiyayyu zuƙar ƙarfe. A 2001 Narendra Singh da Henry Lai na Jami'ar Washington a Amurka suka ɗura wa ƙwayoyin sankarar mama ƙarfe, suka zuba musu wani nau'in sinadarin, akasarinsu suka mutu. Daga nan labarin awa 16 ya samo tushe. Sai dai a ɗan faranti aka yi wannan, a ɗakin gwaje-gwaje, inda babu hanta mai narkar da magani, babu ƙoda mai fitar da shi. A jikin mutum kuwa cikin 'yan awanni sinadarin yake ƙarewa daga jini.

An gwada a kan mutane, amma kaɗan. A 2015 Farfesa Sanjeev Krishna a Landan ya wallafa bincike kan mutum 23 masu kansar hanji, inda aka ba kusan rabinsu artesunate na kwana 14 kafin tiyata. Cutar ta dawo wa mutum ɗaya a cikinsu, ta dawo wa shida a cikin waɗanda ba a ba su maganin ba. Ni kaina sakamakon ya faranta min rai, amma mutum 23 sun yi kaɗan a yanke hukunci, kuma ki lura duk an yi musu tiyatar.

Ba raina tsirrai nake yi ba. Irinotecan da ake ba masu kansar hanji yau, asalinsa camptothecin ne, wanda aka samo a 1966 daga wata bishiyar ƙasar Sin. Shekara 30 aka ɗauka ana gyara shi saboda gubarsa, sai 1996 Amurka ta amince da shi.

Jiƙon ganye fa, ba wanda ya san ma'auninsa. Sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa, yawansa kuma ya bambanta daga wannan shuka zuwa waccan. An kuma samu waɗanda hantarsu ta taɓu bayan shan tatacciyar Artemisia, alhali ita hantar ce za ta ɗauki nauyin kemo.

In Hajiya ta riga ta fara shan wani abu, ku ƙulle shi a leda ku tafi da shi ranar allurar, ku nuna wa likitanta ba tare da jin kunya ba, domin ya duba lafiyar hantarta kafin a ɗaura mata ruwan farko.