Ƙanena, ga yadda farfesancin namu yake a Amurka

Ƙanena, ka ce ka ji ana kiran wani ɗan'uwanmu farfesa shekara guda da gama digirinsa na uku, kana tambaya ko cika baki ne. Ba cika baki ba ne, amma ba irin farfesan da ka sani ba ne. A nan mataimakin farfesa shi ne matakin farko, kusan wanda kuke kira lakcara. Ana ba shi kimanin shekara 6 ya nuna abin da ya iya. Daga nan sai a aika rubuce-rubucensa ga masana na wasu jami'o'i su auna. In an gamsu, ya samu kujerar dindindin. In ba haka ba, a ba shi shekara guda ya nemi wani wuri. Don haka in ka ga ɗayanmu ya yi ƙarancin zumunci, kada ka ɗauka girman kai ne.

Aikin namu a makarantun koyar da kasuwanci ya haɗa abu biyu: sarrafa tarin bayanai da kwamfuta, da nazarin yadda mutum yake yanke shawara. A 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin asarar kuɗi ya fi daɗin samun kwatankwacinsu. Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002, Richard Thaler na Jami'ar Chicago ya samu a 2017. Misalin da na fi so shi ne binciken Madrian da Shea na 2001: wani kamfani ya koma sanya sabbin ma'aikata cikin asusun fansho kai tsaye, sai wanda ya ce ba ya so, nan take masu shiga suka kai kashi 86 cikin 100. Ba a ƙara wa kowa ko sisi ba, fom kawai aka juya.

Abin da ya fi ba mu wuya, mu Hausawa, ba lissafin ba ne, kunya ce. An raine mu a kan ba a katse babba. A nan kuwa kana tsaye gaban allo kana gabatar da bincikenka, ko shafi na biyu ba ka kai ba, wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce, "Ta yaya ka san rangwamen ne ya sa suka saya, ba dama can masu niyyar saye ba ne?" Haka zai yi wa dattijon da ya haife shi, kuma da sunansa tsura zai kira shi. Wanda ya yi shiru don ladabi, sai a ɗauka ba shi da abin faɗa. Shi ya sa in ɗayanmu zai je neman aiki muke haɗuwa, ko ta waya, mu yi masa ruwan tambayoyi ba sani ba sabo. Ni dai har yau bakina bai iya kiran malamina da sunansa ba.

Tsananin yana da dalili. A 2015 aka sake gwada bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka tabbata ba su kai rabi ba. Tun daga nan ake son ka rubuta abin da za ka gwada kafin ka taɓa bayanan.

Batun kuɗi kuma: manyan makarantun ba sa karɓar kuɗin digiri na uku, su ne ma ke ba ka alawus na shekara 5 ko 6. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe darasin ƙididdiga da kyau, ka koyi Python ko R, wato harsunan kwamfuta da ake sarrafa bayanai da su, ka shirya wa jarrabawar neman shiga, wato GRE ko GMAT. Sannan ka nemi malamai uku da suka ga aikinka da idonsu, don wasiƙar wanda ya san ka ta fi ta mai babban muƙamin da sau ɗaya kuka gaisa.