Ramin nan na Kingsway a Landan, wai da jirgi ke shiga cikinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Landan, kullum in na fito daga tashar Holborn sai in ga wani gangare a tsakiyar titin Southampton Row an kulle shi da ƙofar ƙarfe, kuma ga layin dogo a shimfiɗe yana gangarawa cikin duhu. Wani dattijo ya ce min wai bas mai lamba 172 da nake hawa zuwa New Cross da can jirgi ne kuma ta cikin ramin nan yake bi. Dan Allah gaskiya ne? In gaskiya ne me ya sa suka cire jirgi suka sa bas, bayan mu a gida jirgin muke ta roƙo a kawo mana?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai ba jirgin ƙasa irin na Kano zuwa Legas ba ne, tiram ne, wato tarago guda ɗaya mai aiki da lantarki da ke tafiya a kan dogo a tsakiyar titi, yana cakuɗe da motoci da kekuna da dawakai. Layin da 172 ta gada shi ne tiram mai lamba 35, wanda ke tasowa daga Highgate can arewa, ya ratso Islington, ya faɗa ramin nan da kake gani, ya ɓullo a bakin kogin Thames, ya haye gadar Westminster ya nufi Camberwell da New Cross da Brockley har Forest Hill. Ranar 5 ga Afrilu 1952 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, gari na wayewa bas ta karɓi aikin.

Toh amma sai ka san me ya sa aka haƙa ramin tun farko, don a nan labarin yake. A farkon shekarun 1900 Majalisar Gundumar Landan tana da tiram a arewacin kogi tana da shi a kudanci, amma biyun ba sa haɗuwa, saboda masu faɗa a ji na tsakiyar birni, wato Westminster da unguwar bankuna, sun kafe kai da fata cewa ba za a shimfiɗa musu dogo a ƙofar gida ba. A wurinsu tiram abin hawan talaka ne da leburori, kuma ba wai sun yi kuskure ba, shi ne mafi araha, har tikitin rangwame ake yanka wa ma'aikata masu sammako. Ana cikin haka sai majalisar ta rushe wata tsohuwar unguwar marasa galihu tsakanin Holborn da Strand ta fitar da sabon titi mai faɗi, Sarki Edward na bakwai ya buɗe shi a 1905 aka sa masa Kingsway (dattawanmu in sun ji sunan sai su tuna kantin Kingsway na Kano da Kaduna). Tunda dama an tone wurin, sai suka ce bari mu zura tiram ta ƙasa, kaga ba wanda zai ce an ɓata masa titi. A watan Fabrairu 1906 aka fara aiki daga Angel zuwa Aldwych, a 1908 aka ƙarasa shi har bakin kogi, arewa da kudu suka haɗu. Tashoshi biyu ne a cikin ramin, Holborn da Aldwych, fasinja na sauka ta matakala daga tsakiyar titi.

Da farko taragu marasa bene ne kawai ke iya shiga don rufin gajere ne. A 1930 aka rufe aka ƙara masa zurfi, a Janairu 1931 aka sake buɗewa da taragu masu hawa biyu, lambobi uku ke bi ta ciki, 31 da 33 da 35. Ka riƙe wannan shekarar a ranka, an kashe maƙudan kuɗi a 1931, shekara 21 kacal bayan nan an watsar da abin.

In ka leƙa ta ƙofar ƙarfen nan da kyau za ka ga dogon ba biyu ba ne, akwai wata tsaga ta uku a tsakiya. Wannan tsagar tana cikin abubuwan da suka ci layin. A tsakiyar Landan ba a yarda a rataya wayar lantarki a sama ba, wai tana ɓata kyan gari, don haka sai aka binne wutar a wani kwalbati ƙarƙashin titi, tiram ɗin na zura wani ƙarfe ta tsagar yana jawo wuta, su Turawan garma suke ce masa don ya yi kama da ita. In an kai bayan gari inda aka yarda da waya a sama sai a tsaya, ma'aikaci ya zare garmar, kwandasta ya ɗaga sanda ya maƙala a waya. Abin gwanin sha'awa ne a ido amma wlh tsada gare shi, shimfiɗa shi tsada, gyara tsada, ruwa da laka da ganye da duk tarkacen titi cikin tsagar suke zubawa, kuma garma ɗaya in ta maƙale duk taragun da ke baya sai su yi layi su jira don tiram ba ya kauce wa ɗan'uwansa.

Sai kuma doka. Tun 1870 akwai dokar da ta ɗora wa mai tiram gyaran titin da ke tsakanin dogo da inci 18 a kowane gefe. Lokacin da doki ke jan tarago wannan adalci ne, kofaton dokinka ne ke cinye titin. Amma bayan an koma lantarki dokar na nan, sai ya zama mai tiram ne ke gyara hanyar da bas da tasi da manyan motoci ke bi suna ragargazawa, su kuma masu bas ba ruwansu. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan. Duk wanda ya zauna ya buga lissafi a takarda dole bas ta fito da araha, ba don ta fi ba, don wani ke biya mata rabin hidimarta.

A 1933 aka haɗe duk sufurin Landan, jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da tiram, ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma manyan da suka riƙe ta, Lord Ashfield da Frank Pick, daga ɓangaren kamfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas suka fito. Kafin nan ma wani kwamitin gwamnati kan sufuri ya riga ya ba da shawara a daina faɗaɗa tiram a bar shi ya mutu a hankali. Daga 1935 suka shiga maye gurbinsa da bas mai jan wuta daga waya a sama, mai taya ba dogo, suka cinye kusan duk arewa da yamma da gabas. Yaƙin duniya na biyu ne ya tsayar da su a 1940, shi ya sa kudancin Landan da layukan nan uku na rami suka ƙara shekaru. Sun ma gwada shigar da bas ɗin nan mai jan wuta daga waya cikin ramin, aka ƙera guda ɗaya ta musamman, abin bai yiwu ba, ba sararin rataya waya a ciki ga kuma gangaren nan da kake gani mai tsini, duk taku goma ka hau taku ɗaya.

Ni a ganina nan ne asalin amsar tambayarka. Tun da aka yanke hukunci a shekarun 1930 cewa tiram tafiya zai yi, sai aka daina sayen sababbi, gyara ma sai na dole, ga bama-baman yaƙi sun ƙara lalata dogo da gareji. Zuwa 1946 abin da ya rage tsofaffin taragu ne masu ƙara da jijjiga, wasu tun kafin yaƙin farko suke aiki, fasinja kuma sai ya ratsa motoci ya je tsakiyar titi kafin ya hau. A gefe ga sabuwar bas samfurin RT ja wur, kujera mai laushi, tana zuwa har bakin hanya ta ɗauke ka. Wa zai zaɓi tsohon? An bar doki da yunwa shekara ashirin sannan aka kai shi sukuwa aka ce kun gani ba ya gudu. A ƙarshen 1946 aka sanar cewa bas mai shan dizal ce za ta gaje shi, a Oktoba 1950 aka fara cirewa kashi-kashi, 31 na cikin na farko da suka tafi, 33 da 35 suka bi a Afrilu 1952, bas 171 ta karɓi 33, taka 172 ta karɓi 35.

Wata uku bayan nan aka gama da sauran. Daren 5 ga Yuli 1952 mutane suka yi dafifi a tituna, suna ɗora kwabo a kan dogo don tiram ya taka ya baje shi su ajiye na tunawa, tarago na ƙarshe ya shiga garejin New Cross bayan tsakar dare, kusa da inda kake sauka kenan. Yawancin taragun a wani fili a Charlton aka kai su aka banka musu wuta aka kwashe ƙarfen. Masu ɗan sauran kyau samfurin Feltham an sayar wa birnin Leeds, can ma 1959 suka rufe nasu.

Abin da ya fi ba ni takaici a lamarin 35 shi ne bas ta gaji hanya da fasinja amma ba ta gaji ramin ba, alhali ramin shi ne duk darajar layin. Tiram na shigewa ƙasa ya bar cunkoson Holborn da Strand a samansa, ita kuwa bas sai ta hau saman titi ta shiga sahun go-sulo kamar kowa. Wato an cire shi da sunan yana tare hanya, sai aka ɗauko fasinjojin da ke ƙarƙashin ƙasa aka dawo da su kan hanyar. Kuma tunda bas ba ta da dogon da zai ɗaure ta, sai aka yi ta yanka layin ana karkata shi, yau a datse nan gobe a ƙara can, har ta kai 172 ta yanzu ba ta san hanyar Highgate ba, tsakanin Aldwych da Brockley Rise take kai-komo ta gadar Waterloo. Sauƙin juyawar nan da ake yabon bas da shi, shi ne kuma ya sa mai gida ko mai shago ba zai iya dogara da ita ba yadda zai dogara da ƙarfen da aka binne a ƙofarsa.

Ramin kansa bai ga ta zama ba. A 1953 an jibge tsofaffin bas a ciki ko za a buƙace su lokacin naɗin Sarauniya Elizabeth, daga baya aka gyara rabinsa na kudu ya zama hanyar ƙananan motoci, aka buɗe a Janairu 1964, ita ce wadda ke nutsewa daga gadar Waterloo ta ɓullo a Kingsway. Ta gefen Bush House take wucewa, gidan da Sashen Hausa na BBC ya yi shekaru yana watsa shiri kafin su tashi a 2012, kaga muryoyin da iyayenmu ke ji a rediyo da asuba dab da tsohon ramin tiram suke fitowa. Rabin arewa shi ne wanda kake leƙawa, yana nan da dogonsa da tashar Holborn ɗinsa cikin duhu.

Batun roƙon jirgi da ka yi kuwa, su ma Turawan sun dawo suna lashe amansu, a 2000 aka buɗe sabon tiram a Croydon, amma mafi yawan hanyarsa a keɓe take, wani ɓangaren ma tsohon layin dogo ne aka gyara. An kuma tsara wani da zai ratsa kogi ya bi ta saman wannan Kingsway ɗin zuwa Peckham da Brixton, Boris Johnson ya soke shi a 2008 yana magajin gari, ya ce ba kuɗi. In kana so ka ga irin taragun ido da ido, gidan tarihin sufuri na Covent Garden na da guda a ajiye, tafiyar minti goma ce a ƙafa daga ƙofar ƙarfen nan, kuma a 2021 sun shirya zagaye na musamman sun shiga da mutane cikin ramin, ka riƙa duba shafinsu ko za su sake.